Tsaunukan Saudiyya ko na Maroko: wace hanya ta fi dacewa da Alhaji da Hajiya?

Idan 'ya'ya suka haɗa kuɗi za su fitar da iyayensu shan iska a mota, su ga tsaunuka su kuma ga teku a tafiya guda, hanyoyi biyu ne suka fi sauƙin shiryawa ga mutanenmu. Ta farko a kudu maso yammacin Saudiyya take: a tashi daga Jidda ko Makka, a hau Ɗa'ifa, a bi bayan tsaunukan Sarawat zuwa Baha da Abha, a gangaro Tihama, wato shimfiɗaɗɗen filin da ke tsakanin tsaunukan da teku, a dawo ta gaɓar Bahar Maliya. Ta biyu a Maroko: zagaye ne da ke haɗa Marrakesh da Essawira da Agadir a bakin tekun Atlantika, sannan Tarudant da Warzazat, a ƙetare tsaunukan Atlas a koma Marrakesh. Duka ƙasashen Musulmi ne, ba a fama da neman halal ko masallaci, kuma duka ana tuƙi ta hannun dama kamar a Najeriya da Nijar.

Bambancin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne inda za a kwana. A Saudiyya garuruwan suna kan tsaunin, don haka a sama ake kwana dare bayan dare, gaɓar tekun kuma zafi gare ta mai sa gumi. A Maroko da rana ake ƙetare tsaunin a sauko a kwana ƙasa, bakin tekun kuma sanyi gare shi kusan duk shekara. Ga matashi wannan ba komai ba ne. Ga mai shekara saba'in da ke shan maganin zuciya, shi ne kan maganar.

Hanyar Saudiyya

Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa kimanin kilomita 170 ne, kuma daga Makka hanya biyu ce ke hawa. Ta Hada ita ce gajeriya kuma mai ban sha'awa, tana naɗe dutsen lanƙwasa bayan lanƙwasa har ta kai wajen mita 2,000. Ta Sail ta fi tsawo amma hawanta a hankali ne, ita ce manyan motoci ke bi. Akan rufe ta Hada idan ruwa ko hazo ya yi yawa, ko ana gyara, saboda haka a tambaya da safen tafiya. In Hajiya mai saurin jiri ce a mota, a hau ta Sail, a je Hada daga cikin Ɗa'ifa a kalli kwarin daga sama. Ɗa'ifa kanta tana wajen mita 1,880. Furen wardinta da ake tatsar turare da shi a watannin Maris da Afrilu ake tsinkarsa, kuma ganin gonakin a Hada da Shafa ba ya bukatar doguwar tafiya a ƙafa.

Daga Ɗa'ifa zuwa Baha kusan kilomita 220 ne, awa uku ba gaggawa. Baha ta haura mita 2,100. A gefen garin akwai dajin Ragadan, inda ake tsayar da mota kusa da bakin dutsen a zauna a tabarma. Birai sun yi yawa a wurin da sauran wuraren tsayawa na wannan hanya, kuma sun saba da mutane fiye da kima: kada a bar gilashi a buɗe, kada a riƙe ledar abinci a hannu, kada kuma Alhaji ya ce zai ba su ayaba don tausayi, domin ɗaya in ya karɓa goma ne za su taso.

A Baha ake zaɓi na biyu. Gajeren zagaye shi ne a sauka daga nan ta gangarar da ke zuwa Makhwa, hanyar da aka huda duwatsu aka ɗora gadoji aka yi ta. A ƙasanta ƙauyen Zi Ain yake, tsofaffin gidajen dutse a kan farin tudu, ga gonakin ayaba da ruwa mai gudu a gindinsa. Daga ƙasa ma ana ganinsa sarai, ba sai an hau matattakalarsa ba. Daga Makhwa a fita babbar hanyar gaɓa, a bi ta Lis a koma Jidda. Jimillar wannan kusan kilomita 800 ce, kwana biyar ko shida sun ishe shi a natse.

Dogon zagayen shi ne a zarce kudu ta Baljurashi da Namas da Tanuma zuwa Abha, kimanin kilomita 330. A taswira kamar awa huɗu ne, amma hanyar tana ratsa gari bayan gari, ga fitilun hanya da tudun rage gudu, ga hazo da ke sauka ba sallama, don haka a lissafa awa biyar zuwa shida, ko ma a raba ta biyu a kwana a Namas. Sai dai Namas ta fi Baha da Abha tsawo, tana wajen mita 2,400, wanda numfashi ke damunsa gara ya wuce ta da rana. Abha tana kusan mita 2,270, dutsen Sauda da ke kusa da ita kuma ya kai wajen mita 3,000. Ƙauyen Rijal Alma'a, mai dogayen gidajen dutse, yana ƙasan tsaunin yamma da Abha, kuma gajeriyar hanyar sauka gare shi tana da tsananin gangara. Direban da bai san ta ba kada ya gwada da tsofaffi a mota.

Daga Abha ana sauka ta gangarar Dala' zuwa Darb, a kai Jizan, kusan kilomita 200. Cikin awa guda mutum ya baro sanyi ya shiga zafi, kunne na toshewa, sai ana haɗiyar yawu ko tauna wani abu. Daga Jizan jirgin ruwa na kai mutane tsibiran Farasan. Wuraren da ke dab da iyakar Yaman, irin su tsaunukan Faifa, a bar su: hanyoyinsu matsattsu ne masu tsayi, yanayin tsaron iyaka kuma yana sauyawa.

Yanzu ga abin da masu tallan tafiya ba sa faɗa. Daga Jizan zuwa Jidda kilomita 700 ne da ɗoriya, kuma sunanta kawai hanyar gaɓa. Mafi yawanta shimfiɗaɗɗen fili ne, tekun na can nesa ba a ganinsa sai an ratse an shiga gari irin Birk ko Ƙunfuza ko Lis. Hanya ce mai kyau, miƙaƙƙiya, mai sa direba gyangyaɗi. Dogon zagayen gaba ɗaya ya haura kilomita 1,600. Shawararmu ga tsofaffi ita ce a bi tudu a mota har Abha ko Jizan, a koma Jidda a jirgin sama, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, a sha iskar teku a bakin ruwan Jidda inda akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa da kujerun zama. In hayar mota aka yi, a tambayi kuɗin ajiye ta a wani gari tun kafin a karɓa, don yakan yi yawa.

Hanyar Maroko

Jirgi yakan sauka a Kasablanka. Daga nan zuwa Marrakesh awa biyu da rabi ne a babbar hanya mai kuɗin shiga, ko kusan awa uku a jirgin ƙasa. Zagayen da ke farawa daga Marrakesh bai cika kilomita 950 ba, kuma ta inda aka fara shi yana da muhimmanci.

A fara da teku. Daga Marrakesh zuwa Essawira kusan kilomita 185 ne ta Shishawa, fili ne ba hawa. A tashi da safe, domin yamma aka nufa, da la'asar rana a ido take. Essawira, wadda a allon hanya za a ga an rubuta Essaouira, tsohon gari ne mai ganuwa a bakin ruwa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001. Titunan cikinsa miƙaƙƙu ne ba tudu, abin da ba a cika samu ba a tsofaffin garuruwan Maroko. Mota ba ta shiga cikin ganuwa, masu kura ne ke ɗaukar kaya daga ƙofa. Iskar garin tana da ƙarfi, musamman daga tsakar rana a watannin bazara, har tana watsa yashi a fuska. Ko a Yuli ana bukatar rigar sanyi da yamma. Bikin makaɗan Gnawa, waɗanda asalin kakanninsu daga ƙasashenmu na kudu da Sahara ne, a watan Yuni aka saba yinsa, garin kan cika maƙil, masauki ya yi tsada. Mai neman hutu ya kauce wa makon.

Daga Essawira zuwa Agadir kilomita 175 ne, awa uku. Rabin farko cikin tuddai ne masu itatuwan argan da ake tatsar mai daga 'ya'yansu, da lanƙwasa ba laifi wajen Tamanar. Daga Tamri, garin ayaba, hanyar ke manne wa teku har Tagazut da Agadir. Dalilin farawa ta wannan ɓangaren ke nan: mai tafiya kudu teku na hannun damansa, wuraren tsayawa ma a dama suke, ba sai an tsallaka titi da tsoho mai sanda ba. Wanda ya zo ta Agadir zuwa arewa, motocin ɗaya hannun ne tsakaninsa da ruwan.

Agadir ba ta da tsohon gari, girgizar ƙasa ta 1960 ta rushe shi, aka sake gina sabo. Ga mai yawon ganin tarihi wannan rashi ne, ga mai ciwon gwiwa kuwa riba ce: faffaɗan tituna, otal masu lif, asibitoci masu zaman kansu, da doguwar hanyar ƙafa a bakin ruwa wadda keken guragu ke bi ba tangarɗa. A nan ya kamata a yi kwana biyu ko uku. Ruwan tekun sanyi gare shi ko da bazara, igiyarsa kuma tana ja, a tsaya a jiƙa ƙafa kawai.

Tarudant kilomita 80 ce daga Agadir, a kwarin Sus, ƙasa-ƙasa, da jar ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita bakwai da wani abu wadda ake zagayawa a keken doki. Wanda ya san badalar Kano zai ji kamar ya san wurin. Daga nan zuwa Warzazat ita ce rana mafi tsawo, kusan kilomita 300, awa biyar, ta Taliwin inda ake noman za'afaran da Tazenakht garin dardumai. Hanyar na hawa har wajen mita 1,800 amma a hankali, kuma babu garuruwa da yawa, don haka a cika tanki a Tarudant, a yi bayan gida a Taliwin. In Alhaji ba ya jure dogon zama, a kwana a Taliwin.

Akwai wata hanya daga Tarudant kai tsaye zuwa Marrakesh ta mashigin Tizi n'Test, mai tsawon mita 2,100. Siririya ce, wasu wuraren mota biyu ba sa giftawa cikin sauƙi, kuma yankin ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna. Manhajar taswira a waya takan nuna ta don ta fi gajarta. Ba ta tsofaffi ba ce.

Warzazat, wato Ouarzazate a allo, tana wajen mita 1,150, kusan daidai da Jos. Ita ce wuri mafi tsawo da za a kwana a duk zagayen, in ba a tsaya a Taliwin ba, wadda ita ma kusan haka take. Kilomita 30 daga nan Ait Bin Haddu yake, garin ƙasa da ke kan tsohuwar hanyar ayarin da ke zuwa Marrakesh daga Sahara, yana cikin jerin UNESCO tun 1987. Hawa ƙololuwarsa wahala ce, amma daga shagunan shayi na wannan ƙetaren kogin ana ganinsa gaba ɗaya. Rana ta ƙarshe ita ce ta mashigin Tizi n'Tishka, wanda allonsa ya rubuta mita 2,260: kilomita 195 zuwa Marrakesh, awa huɗu. An faɗaɗa hanyar a 'yan shekarun nan, amma gangarar ɓangaren Marrakesh har yanzu lanƙwasa ce a kan lanƙwasa. A sama minti goma sha biyar ya isa, a ɗauki hoto a sauko.

Abin da jiki zai ce

A tsawon mita 2,200, iskar da mutum ke samu a kowane numfashi kusan kashi uku cikin huɗu ce ta wadda yake samu a bakin teku. Mai lafiya haki kawai zai ji in ya hau bene, da ɗan rashin barci a daren farko. Ciwon tsauni na sosai, mai ciwon kai da amai, yawanci daga mita 2,500 yake farawa. Amma mai raunin zuciya, mai asma ko tsohon ciwon huhu, mai ƙarancin jini, da mai sikila, suna iya jin jiki tun ƙasa da haka, kuma da dare abin ya fi tsananta domin numfashi na raguwa a barci. Hawan jini ma kan ɗan ƙaru a kwanakin farko. A hanyar Saudiyya dare huɗu zuwa bakwai za a yi tsakanin mita 1,900 da 2,400. A ta Maroko awa ɗaya ko biyu kawai za a yi sama da mita 1,800, kuma a zaune cikin mota.

Saboda haka a je wa likita da lambobin nan a rubuce, ba a ce masa "za mu yawon duwatsu" kawai ba. In ya yarda da Saudiyya, a yi dare biyu a Ɗa'ifa kafin a ƙara sama. A tafi da na'urar awon hawan jini da 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini. Haki a zaune, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko leɓe ya yi duhu, ba abin jira gari ya waye ba ne: asibiti, sannan a sauka ƙasa. Baha da Abha da maƙwabciyarta Khamis Mushait duk suna da manyan asibitoci. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce. A Maroko 15 ce, 'yan sanda 19, jandarma a wajen gari 177.

Inda Saudiyya ta rama shi ne gwiwa. An gina wuraren shaƙatawarta don iyalai masu zuwa a mota, ana tsayawa dab da wurin kallo. Maroko kuwa daɗinta a ƙafa yake: lunguna, kasuwanni, duwatsun daɓe marasa daidaito, babura masu kutsawa cikin mutane a tsohon garin Marrakesh. Tsofaffin gidajen da aka mayar masauki, waɗanda ake kira riyad, suna da kyau a hoto, amma matattakalarsu siririya ce mai tsayi, ba lif, mota kuma ba ta kaiwa ƙofa. A Marrakesh a kama otal a sabbin unguwanni irin Geliz. In dole sai riyad, a nemi ɗakin ƙasa a rubuce, a kuma tambayi nisan ƙofarsa da inda mota ke tsayawa.

Wasu abubuwa duk hanyar da aka bi ɗaya ne. Kada zama a mota ya wuce awa huɗu a rana in da hali, kuma duk awa ɗaya da rabi a tsaya a taka ƙafa minti goma, saboda kumburin ƙafa da daskarewar jini a jijiya. Maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, a tambayi likita ko za a iya jinkirta shi zuwa isa masauki a ranakun doguwar tafiya. Kada a rage shan ruwa don gudun fitsari, iskar tsauni busasshiya ce. Allurar insulin ba ta son zafi: a sa ta a jakar sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙara ba, kada a bar ta a but ko a aljihun gaban mota. Mai jiri ya zauna gaba, ya kalli nesa, ya ci abu kaɗan kafin hawa, citta na taimaka wa wasu. Ƙwayoyin hana amai na tafiya suna sa barci, kuma suna iya riƙe fitsari ga dattijo mai kumburin mafitsara ko su tsananta hawan jinin ido, don haka ba a saya a ba tsoho kai tsaye. Duk magani ya kasance a kwalinsa da takardar likita. Saudiyya ba ta wasa da tramadol da kodin, goro ma hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa.

Lokaci

A nan hanyoyin biyu suka saɓa. Tsaunukan Saudiyya sun fi daɗi daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da Abha ba ta cika wuce digiri 30 ba, amma a lokacin ne Jizan ke kusan 40 da gumi mai hana numfashi, 'yan ƙasar kuma duk sun hau tudu hutu, masauki ya yi tsada. Da hunturu gaɓar ce mai daɗi, tsaunin kuma sanyi da hazo, dare na sauka ƙasa da digiri goma, otal da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki. Wanda ke son duka biyun ya nufi Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ko Maris. Ruwan sama a Asir, yankin da Abha take, ya fi yawa a Maris da Afrilu da kuma Yuli da Agusta, yawanci da rana tsaka zuwa la'asar, shi ya sa ake saukar gangara da safe. A Tihama kada a tsallaka kwari mai gudun ruwa ko da sama garau take, ruwan daga tsauni yake zuwa.

Maroko ta fi sauƙin daidaitawa: Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba, tsauni da teku duk lafiya. A Yuli da Agusta Marrakesh da Tarudant da Warzazat sukan haura digiri 40. Daga Nuwamba zuwa Maris dusar ƙanƙara na iya sa a rufe Tishka na awanni ko yini, a lokacin mafita ita ce a koma ta Agadir a bi babbar hanya, wadda ita ma ke ratsa gefen Atlas ba tare da wahala ba.

Mota da direba

A duka ƙasashen, mun fi ganin a ɗauki direban da ya san hanya a kan ɗa ya ce shi zai tuƙa. A Makka da Jidda samun direba mai jin Hausa ba wuya, saboda Hausawan da suka daɗe a can, sai dai a tabbatar ya taɓa bin gangarorin kudu, domin sanin Makka zuwa Madina daban ne. Kamfanonin haya a Saudiyya ba duka ke ba mai bizar umara mota ba, kuma za su nemi lasisin ƙasa da ƙasa da katin banki. A Maroko Faransanci ne ke aiki, mutanen Nijar sun huta. Larabcinsu na titi ya yi nisa da na littafi. Yawancin motocin hayar can masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya kama tun da wuri.

Motar da ta dace ita ce wadda kujerarta ta zo daidai ƙugu. Ƙaramar mota ƙasa take, tashi daga cikinta azaba ce ga gwiwa. Babbar jif kuma sai an ɗaga ƙafa sosai. Matsakaiciyar jif ko ƙaramar bas mai ƙofar ja ita ce daidai, a ajiye ɗan benci na taka ƙafa a ciki.

Abin da ya fi kashe mutane a gangara burki ne. In aka ɗora ƙafa a kansa kilomita goma ba ɗagawa, yakan yi zafi har ya daina kamawa, man burkin ma ya tafasa, feda ta nutse ƙasa. Maganinsa a sa giya ta biyu ko ta uku tun daga sama, a otomatik a mayar L ko 2 ko a rage da hannu, inji ya riƙe motar, a riƙa taka burki da ƙarfi na ɗan lokaci ana saki. In aka ji ƙaurin ƙonewa, a tsaya a fili minti ashirin zuwa talatin, kada a zuba masa ruwa, ƙarfen zai lanƙwashe. Kafin a karɓi mota a duba tayoyi da safaya da jak da ruwan lagireto. A hazo a kunna ƙananan fitilu, manyan suna dawo da haske ido. Kada a yi tuƙin dare a tsauni ko kaɗan.

Tara kuwa, a Saudiyya kyamarorin Sahir ne ke kamawa ba ka sani ba, sai kamfanin haya ya cire a katinka. A Maroko jandarmomi ne a bakin gari da na'urar awon gudu: 60 a cikin gari, 100 a waje, 120 a babbar hanya. Inda aka ga allon shinge mai cewa a tsaya, a tsaya cak sai an yi alama, a kuma karɓi rasit in an biya tara. Man fetur a Maroko ya ninka na Saudiyya sau biyu ko fiye, ga kuɗin babbar hanya wanda babu shi a Saudiyya, amma tazarar Maroko ta fi gajarta.

Bandakunan gidajen mai da masallatan hanya a ƙasashen biyu yawanci na tsuguno ne. Kujerar bayan gida mai naɗewa ba ta da nauyi, kuma ita ce kan raba tafiya mai daɗi da ta wahala ga Hajiya. A haɗa da kujerar salla da buta.

To wacce?

In tafiyar haɗe take da umara, hanyar Saudiyya ce a kusa, ba sai an sayi wani tikitin jirgi ba, kuma hukumomin Saudiyya sun ba mai bizar umara damar zagaya garuruwan ƙasar, sai dai a tabbatar da sharaɗin bizar wajen wakilin tafiya kafin a biya otal. A yi umarar tukuna, a huta kwana biyu, domin ɗawafi da sa'ayi sun riga sun ci ƙafa. Mai son sake wata umarar a dawowa, miƙatinsa daga Ɗa'ifa Ƙarnul Manazil ne a Sailul Kabir, ko Wadi Muhrim a hanyar Hada. In ta gaɓar kudu ya dawo, Yalamlam ne, kuma hanyar ta bi ta kusa da shi. Ga ma'auratan da zuciya da huhunsu lafiya amma gwiwa ta gaji, gajeren zagayen Ɗa'ifa da Baha da Zi Ain shi ne zaɓinmu, a bar Abha sai in sun ji daɗin na farkon.

In ɗayansu na da ciwon zuciya ko na numfashi, ko kuma teku ce ainihin abin da suke marmarin gani, Maroko ce, da kwana tara ko goma: biyu a Marrakesh, biyu a Essawira, uku a Agadir, ɗaya a Tarudant, ɗaya ko biyu a Warzazat. 'Yan Najeriya na bukatar biza, a fara nema da wuri, a kuma sayi inshorar lafiya da ta ambaci shekarunsu da ciwon da suke da shi, domin da yawa ba sa biyan ciwon da ba a bayyana ba. Alhajin da ya yi makarantar allo zai ji liman na karatu da ruwayar Warshu a kan mazhabar Malikiyya, irin wanda ya tashi da shi. In likita ya hana hawa ko na awa ɗaya, a yanke Warzazat da Tishka gaba ɗaya, a yi Marrakesh, Essawira, Agadir, Tarudant, a koma ta babbar hanya, ana hango Atlas ta gilashi daga ƙasa.